Ina NNPP ta fi ƙarfi a zaɓukan ƙasa-ƙasa? Nazarin ƙuri'un Kano daga 2019 zuwa 2024

Ranar 26 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. Da sakamako ya fito, NNPP ce ta kwashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484, ba ta bar wa kowa ko mazaɓa ɗaya ba. Ranar 16 ga Janairu, 2021, wannan hukumar dai ta yi irin wannan zaɓe a zamanin Ganduje, APC ta kwashe 44 da 484. Kafin nan ma, a 2018 da 2014, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce ta share fage. Mutanen Kabo da na Madobi ba su sauya ra'ayi gaba ɗaya a cikin shekara uku da 'yan watanni ba. Wanda ya sauya shi ne mai naɗa shugabannin hukumar zaɓen.

Saboda haka duk wanda aka ba aikin ya faɗa wa jam'iyya inda ya kamata ta zuba kuɗinta da mutanenta a zaɓukan ƙasa-ƙasa, wato ciyaman da kansila da ɗan majalisar jiha da na tarayya, sai ya fara ajiye wannan sakamakon a gefe. Ba ya nuna ƙarfi, ba ya nuna rauni. Dole a koma ga zaɓukan da INEC ta gudanar, su ma a karanta su da lura, domin akwai tarko a cikinsu.

NNPP tsohuwar jam'iyya ce a takarda. Tun farkon shekarun 2000 take da rajista, Boniface Aniebonam ne ya kafa ta, amma a Arewa kusan ba wanda ya san alamarta ta kwandon kayan marmari sai a Maris ɗin 2022 da Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya shigo da jama'arsa. Cikin ƙasa da shekara guda ta shiga babban zaɓe. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, Kwankwaso ya samu ƙuri'a 1,496,687 a duk Najeriya, kuma 997,279 daga cikinsu a Kano aka kaɗa su. Kashi biyu cikin uku ke nan daga jiha ɗaya. A Jigawa da Katsina da Kaduna da Bauchi, inda aka yi ta ganin jajayen huluna a taruka, babu inda ya kai ƙuri'a dubu 100. Wannan kaɗai ya isa amsa tambayar farko: idan ana maganar jiha, Kano ce, sauran duk rakiya ne. Amma wannan amsa ce da ko mai shayi a bakin tasha zai ba ka kyauta. Aikin yana cikin Kanon kanta.

Makonni uku da suka sauya lissafi

A zaɓen shugaban ƙasa, Tinubu ya samu 517,341 a Kano, Atiku 131,716. Tazarar da Kwankwaso ya ba APC ita ce 479,938. Wanda ya kalli wannan adadi a daren da aka sanar da shi zai ce zaɓen gwamna ya zama cika umarni kawai, kuma mutane da yawa haka suka ce.

An ɗage zaɓen gwamna daga 11 zuwa 18 ga Maris domin a sake saita na'urorin tantance masu zaɓe na BVAS. Da aka ƙirga, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Tazarar ta dawo 128,897. A lura da inda motsin yake. NNPP ƙuri'a 22,323 kawai ta ƙara a kan abin da ta samu makonni uku baya. APC kuwa ta ƙara 373,364. Ba magoya bayan Kwankwaso ne suka gudu ba, abokan hamayyarsa ne suka haɗu wuri guda.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A Fabrairu mutane na cikin wahalar ƙarancin takardun naira da layin mai, kuma jam'iyyar da ke mulkin ƙasa ce ta sha wannan fushin, duk da cewa Ganduje da kansa ya fito ya soki tsarin sauya kuɗin. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsoffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki. Sannan Tinubu baƙo ne a Kano, yana karawa da ɗan gida; Gawuna kuwa ɗan gida ne, tsohon ciyaman na Nasarawa, mataimakin gwamna, mutumin da ko 'yan adawa ba su cika zaginsa ba. Ƙuri'un Atiku ma ba su tsaya a PDP ba, domin ɗan takararta na gwamna, Sadiq Wali, bai kai dubu 20 ba. Uwa uba, zaɓen gwamna shi ne zaɓen da kwamishina da mai ba da shawara da ciyaman da ɗan kwangila ke kare tuwonsu, don haka kowa ya koma akwatinsa da gaske.

Wannan ba sabon abu ba ne a Kano. A 2011 Buhari ya samu sama da ƙuri'a miliyan 1.6 a jihar a tutar CPC, amma da aka zo zaɓen gwamna ɗan takarar CPC na uku ya zo, nesa da Kwankwaso da Salihu Sagir Takai. Wanda ya yi amfani da ƙuri'ar Buhari ya auna ƙarfin CPC a ƙananan hukumomi a lokacin, ya yi asarar kuɗinsa. Ƙuri'ar shugaban ƙasa ƙuri'ar mutum ɗaya ce, ba a raba ta ga 'yan takarar ƙasa kamar gado.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a waɗannan alƙaluma shi ne yadda ƙuri'ar Kwankwasiyya ta tsaya wuri ɗaya. A 2011 Kwankwaso ya ci gwamna da kimanin miliyan 1.1. A 2019 Abba, a tutar PDP, ya kammala da 1,024,713. A 2023 Kwankwaso 997,279, Abba 1,019,602. An canza jam'iyya, an canza alama daga lema zuwa kayan marmari, an zo da BVAS, amma adadin yana nan a bakin miliyan guda. A jihar da masu rajista suka haura miliyan 5.9, wannan ba rinjayen jama'a ba ne. Runduna ce mai biyayya wadda ke fitowa ko ana ruwa ko ana rana. Ma'anar haka ga mai lissafi ita ce: nasara ko faɗuwar wannan tafiya ta fi dogara ga ko abokan hamayya sun haɗu ko sun rabu. A 2019 da Ganduje ya kai 1,033,695, Kwankwasiyya ta faɗi da tazarar 8,982. A 2023 da APC ta tsaya ƙasa da dubu 900, Kwankwasiyya ta ci.

Kano uku ce

Idan aka sauko daga jimillar jiha zuwa shiyyoyin sanata, hoton yana ƙara fitowa.

Kano ta Tsakiya tana da ƙananan hukumomi 15, ciki har da takwas na ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Madobi, mahaifar Kwankwaso, ita ma a nan take. Abin da ya faru da kujerar sanatan wannan shiyya a 2023 ya kamata a tsaya a kansa. Malam Ibrahim Shekarau ya shiga NNPP a 2022, aka ba shi tikitin, sai ya fice ya koma PDP a watan Agusta. Sunansa ya ci gaba da zama a takardun INEC, jam'iyyar kuma tana cewa Rufa'i Sani Hanga ne ɗan takararta. Aka shiga zaɓe ana wannan ja-in-ja, Shekarau yana yi wa Atiku kamfe, amma mutane suka dangwala wa kayan marmari har INEC ta ayyana Shekarau a matsayin wanda ya ci kujerar da ya ce ba ya nema. Daga baya Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Hanga. Inda jam'iyya za ta ci kujerar sanata alhali masu zaɓe ba su da tabbacin wane ne ɗan takarar, to a nan ƙuri'ar ta tafiyar ce, ba ta wani mutum na gefe ba. Irin wannan wuri ne ake kira gida.

Akwai dalilai na zahiri. A birni ne aka fi ganin gadar Ƙofar Nasarawa da titunan da aka yi tsakanin 2011 da 2015, a nan ne iyalan ɗaliban da aka tura karatu ƙasashen waje suka fi yawa, kuma a nan ne fushin tsige Sarki Sanusi a Maris ɗin 2020 da raba masarauta a 2019 ya fi zafi. Bayan haka akwai maganar tsaron ƙuri'a. Jihar tana da rumfunan zaɓe sama da 11,000. A unguwa irin Kurna ko Ɗorayi, rumfa na kusa da rumfa, matasa na tsaye da wayoyi, ana ƙirga ƙuri'a da ƙarfi jama'a na amsawa, ejan ya karɓi kwafin takardar sakamako ya ɗauki hotonta kafin jami'in zaɓe ya naɗe kayansa, sannan ayarin 'yan adaidaita sahu ya bi akwatin har cibiyar tattarawa. A kasa, a tsare, a raka. A ƙauyen da ke da tafiyar awa guda a kan babur daga hedikwatar ƙaramar hukuma, ejan ɗaya ne, ba a ba shi kuɗin abinci ba, kuma dagacin garin ya san gidan ubansa.

Duk da haka birni ba wurin barci ba ne. Mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa ta koya wa kowa wannan a 2019. A zagayen farko Abba yana gaba da 26,655, aka yi hargitsi a wurin tattara sakamakon Nasarawa, INEC ta ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris cikin yanayin da masu sa ido suka yi tir da shi, sakamako ya juye. Wurin da ƙuri'arka ta fi yawa shi ne wurin da soke akwati ɗaya ya fi yi maka illa.

Kano ta Kudu, mai ƙananan hukumomi 16, ita ce ta fi ruɗar masu lissafi. A takarda NNPP ta yi abin mamaki a can: Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya wanda ke kan kujerar sanata tun 2007, Abdulmumin Jibrin Kofa ya dawo da kujerar Kiru da Bebeji, Kabiru Alhassan Rurum ya riƙe Rano da Kibiya da Bunkure. To amma su wane ne waɗannan? Dukansu jiga-jigan APC ne har zuwa 2022. Rurum tsohon kakakin majalisar jiha ne, Kawu ya yi wa Buhari mai ba da shawara kan majalisar wakilai. Sun ɓata da Ganduje a kan rabon tikiti, suka nemi inuwar da za su fake, kowa ya taho da jama'arsa da ejan-ejan ɗinsa da limamansa da matan unguwarsa. Ƙuri'ar Sumaila da Takai ta Kawu ce kafin ta zama ta kowa. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara: a 2025 Kawu da Rurum suka koma APC, Kofa ma ya rabu da jam'iyyar ya bi su. Wanda ya zana taswirar 2023 ya shafa wa Kudu jan launi ɗaya da na Dala, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiyar da ke da amfani ba. Ko a lokacin ma Doguwa da Tudun Wada ba su shigo ba. Bayan rikicin da aka rasa rayuka da kuma zaɓen cike gurbi na Afrilu, Alhassan Ado Doguwa ne ya koma majalisa.

Kano ta Arewa ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙananan hukumomi 13 ne, nan ne gidan Ganduje a Dawakin Tofa, nan ne gidan Barau Jibrin da Murtala Sule Garo a Kabo. A ranar da guguwar Kwankwaso ta fi ƙarfi, Barau ya kayar da Abdullahi Baffa Bichi, Abubakar Kabir Bichi kuma ya riƙe kujerarsa ta wakilai. Jam'iyyar da ba ta ci wuri a ranar da komai ke tafiya a gefenta ba, kada ta sa shi a sahun farko a ranar da babu guguwa. A majalisar jiha NNPP ta tashi da kujeru 26, APC 14, kuma wannan rabon ya fi 44 da sifili kusa da gaskiyar ƙasa nesa ba kusa ba.

A wajen Kano kuwa, misalin da ya fi bayyana yanayin shi ne Gwaram a Jigawa, inda Yusuf Shitu Galambi ya ci kujerar wakilai a NNPP. Shi ne ke kan kujerar tun kafin ya sauya sheƙa. Labarin Kudancin Kano ne aka maimaita a ƙaramin faifai. Idan jam'iyya irin wannan na neman inda za ta ci a wata jiha, kada ta duba inda aka fi cika fili ranar da jagora ya kai ziyara. Ta jira a gama fidda gwani a APC da PDP, ta duba wane mai jama'a aka zalunta. Wannan hanya tana kawo kujera, amma ba ta kafa jam'iyya.

Wa ke ƙirga ƙuri'ar?

Yanzu a koma kan zaɓen ƙananan hukumomin kansa. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, gwamna ne ke naɗa shugabanninta, majalisar jiha ta tantance, gwamnatin jiha ke ba ta kuɗi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa tafiya kai tsaye kuma kantomomin riƙo haramtattu ne, jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. A Kano KANSIEC ta fara sanya naira miliyan 10 kuɗin fom na ciyaman da miliyan 5 na kansila, abin da ya kai ga kotu. Kwanaki kaɗan kafin zaɓe wata babbar kotun tarayya ta ce shugaban hukumar, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da kwamishinoninsa ba su cancanta ba saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki, wata kotun jiha kuma ta ce a ci gaba. APC ba ta shiga ba, kamar yadda Kwankwasiyya ta ƙaurace wa na 2021.

Ba halin Kano kaɗai ba ne. A watan Oktoban 2024 ɗin APC ta kwashe ciyamomi 27 a Jigawa da 23 a Kaduna. Abin da ya faru a Ribas ya fi tona asirin tsarin: gwamna Fubara ya rasa iko da PDP a jiharsa, sai mutanensa suka shiga wata ƙaramar jam'iyya mai suna APP, ta ci 22 cikin 23, kafin Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a 2025. A Abiya, jihar da gwamnanta ya hau mulki a LP, wata ƙaramar jam'iyya mai suna ZLP ce ta ci 15 cikin 17. Babu wani nazarin ƙuri'un baya da zai hango cewa APP na da ƙarfi a Fatakwal. Sanin inda gwamna ya karkata kaɗai ya isa.

Inda aka ga bambanci, akwai dalili. A Abuja INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, kuma a Fabrairun 2022 PDP ta ci uku, APC uku. A Kaduna, lokacin da aka gwada zaɓe da na'ura a 2018 da 2021, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, musamman a kudancin jihar. Don haka ga jam'iyyar adawa, tambayar farko ba ina muke da jama'a ba ce. Tambayar ita ce wace hukuma ce za ta ƙirga, kuma da me.

Kotu ma na cikin lissafin. Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba bisa hujjar cewa takardun ba su da sa hannu ko hatimi, ta ba Gawuna nasara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire shi a Nuwamba, sai ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Wata huɗu ana zaman ɗar-ɗar a kan abin da ejan mai ido zai iya hanawa da safe, ta hanyar duba bayan takardar ƙuri'a kafin a miƙa wa mai zaɓe. Tazarar dubu 128 a jiha kamar Kano ba ta fi ƙarfin alƙalamin alƙali ba, balle tazarar ɗari biyu a kujerar ɗan majalisar jiha.

Da a ce ni aka ba wannan aiki bayan zaɓen 2023, ga yadda zan jera. Birni da kewayensa da yankin Madobi da Kura su ne sahun farko, amma kuɗin da za a kashe a can na tsaron akwati ne da fito da mutane, ba na alluna da mawaƙa ba, tunda babu wanda ake buƙatar shawo kansa. Kudu sahu na biyu, kuma aikin can shi ne gina shugabannin mazaɓa waɗanda biyayyarsu ba ta ratsa ta gidan sanata ko ɗan majalisa ba, tun suna tare, kafin ranar rabuwa. A Arewa a zaɓi mazaɓun majalisar jiha biyu ko uku da tazararsu ta yi ƙanƙanta, a bar sauran. Na san akwai masu cewa wannan rabo ya yi sauƙi da yawa, domin ko a Dala an samu ɗan majalisar tarayya, Aliyu Sani Madakin Gini, da ya raba gari da Kwankwasiyya a ƙarshen 2024. Gaskiya ne. Bambancin shi ne, wanda ya fita a Dala sai ya tabbatar cewa jama'a za su bi shi, wanda ya fita a Sumaila kuwa da jama'arsa ya zo tun farko. Abubakar Rimi, da duk farin jininsa, ya bar PRP ya tsaya a NPP a 1983, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi.

Kujerun nan 44 da 484 kuwa, ban taɓa sa su cikin dukiyar jam'iyyar ba. A Janairun 2026 Gwamna Abba ya fice daga NNPP ya koma APC, ciyamomin da aka zaɓa a Oktoban 2024 suka bi shi, ba tare da an sake kaɗa ƙuri'a ko ɗaya a Kabo ko a Madobi ba.